Ɗorin da Muka Yi wa Garba Dogo

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya bayan La'asar, kada ku ɗauka kunnena ya mutu gaba ɗaya. Wai aikin laim a kamfanin fata ba aiki ba ne, buhu za ka farke ka juye a ganga, ka danna maɓalli, ka koma inuwa. Ban tanka ba, na ga kuna dariya ban so in katse muku. Amma yau tun da kun zauna, to ku gyara zama. Sunana Ado, amma a Bompai in ka ce Ado kawai ba wanda zai gane, sai ka ce Ado Laim. Ku dubi yatsun nan da kyau. Waɗannan 'yan ramukan ba zanzana ba ce, kuma ba da su aka haife ni ba.

Ni mutumin Challawa ne, tun Challawa tana gonaki da fadama, in ka ɗebe injin ruwa da na lantarki ba wani abu mai hayaƙi a wurin. Sharada kuwa dawa ake nomawa da gyaɗa. Duk mai son aikin kamfani Bompai yake nufa. Na bar gonar mahaifina 'yan shekaru kafin mulkin kai, na kama ɗaki a Hotoro, kullum da sassafe in tako a ƙasa. Ranar da aka ɗauke ni, muna tsaitsaye a ƙofa aka tambaya wa zai yi aikin rami. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni da ban san komai ba na ɗaga hannu, har ina murna na riga su.

Aikin farko da aka sa ni shi ne kashe laim. Ku yanzu a niƙe kamar gari yake zuwa muku, an riga an kashe shi a wani wuri. Mu a dunƙule yake zuwa kamar duwatsu, fari fat, cikin durom na ƙarfe da jirgin ƙasa ke saukewa. Mutanen gari farar ƙasa suke ce masa don ya yi kama da wadda ake shafe ɗaki da ita, mu kuwa laim muke cewa yadda muka ji a bakin Baturen da ke shugabantar kamfanin. In hannunka a bushe yake za ka ɗauki dunƙulen ka juya shi, ka rantse ba ya komai. To jefa shi a ruwa ka gani. Zai yi shiru kaɗan, sannan ya fara tsuwa, ya tsage, ya kumbura, ruwan ya kama tafasa ba wuta ba itace. Tururi ya turnuƙe har ba ka ganin wanda ke tsallaken ramin. Kana tsaye da muciya mai tsawon mutum biyu kana juyawa, iska a bayanka, ido a kanne. In ya fantsamo maka ba ka gogewa, da gudu za ka je famfo ka yi ta kwarara ruwa. Bayan ya lafa a tace da rariya, a bar shi ya kwana biyu a rami yana hucewa. Wannan shi muke kira kasasshe. Wanda bai sha ruwa ba kuwa mai rai.

Wanda ya koya mini Malam Barau ne, Allah Ya jiƙansa. Tsohon majemi ne daga cikin birni, jima gadonsa ce, da toka da bagaruwa ya saba kafin Bature ya ɗauko shi. Gajere ne, idonsa na hagu fari, laim ne ya taɓa shi tun farkon zuwansa. Ba mai yawan magana ba ne. A satina na farko ya yanko guntun fatar akuya da gashinta, ya ɗaure da igiya, ya ce in tsoma a rami. Kwana uku ya ce in ciro. Ta kumbura, ta yi fari, tana santsi. Ya ce in shafa. Ina sa babban yatsa gashin ya biyo kamar dama ɗora shi aka yi.

Ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Gashin ya fita, Malam."

Sai ya kamo hannuna ya ja gashin damtsena har na ce wash. Ya ce, "Wannan fa? Laim bai san akuya ba, bai san ɗan Adam ba. Fata kawai ya sani."

Na ce na ji. Wallahi na ji, har yau da muryarsa nake jin maganar.

Ramummuka uku gare mu: tsohon ruwa, matsakaici, da sabo. Fata daga tsoho take farawa ta ƙare a sabo, kullum sai an ciro ta da ƙugiya, a motsa ruwan, a mayar. Safar hannu? Ina! Man gyaɗa muke shafawa har gwiwar hannu, mu ɗaura buhu a ƙugu. Takalmin roba ma sai daga baya ya zo. In kana da ɗan ƙwarzane a yatsa, laim zai same shi ya yi ta ci a hankali har ya haƙa rami, ga su nan kuna gani. Kuma ba agogo ke gaya maka fata ta nuna ba, yatsa ne. Ka danna, in gurbin ya tsaya ya taso a hankali, ta yi. Da zafi tana saurin nuna, da sanyi tana nawa. Wata bazara na bar jajayen fatun wani Alhaji basakkwace suka ƙara kwana ɗaya, kwana ɗaya tak. Da aka gama jima ya zo dubawa, ya ɗauki guda ya murza, fuskarta ta tattare kamar goshin tsohuwa. Bai zage ni ba. Ya ce wa Malam Barau, "Wannan sabo ne ko?" Gara a ce ya mare ni.

Banda masu fata akwai masu zuwa roƙon laim a bakin ƙofa. Gabanin Salla mata kan aiko a sam musu na shafen ɗaki, magidanta kuma na zubawa a masai don kashe wari. Malam Barau ba ya hanawa, amma kasasshe kaɗai yake bayarwa, kuma sai ya tambaya, "Me za a yi da shi?" Ko limami ne sai ya amsa wannan tambayar.

Akwai wani mutumin kudu da ke riƙe da ɗakin magani na kamfani. Ba likita ba ne, amma Dokta muke ce masa, shi ma bai taɓa hana mu ba. Hausarsa a karye take, amma mutum ne mai son bayani, ko ba ka tambaya ba. Duk wata yakan sa in jiƙa masa laim mai tsabta a tulun da fata ba ta taɓa shiga ba, in bari ya kwanta, in tsiyayo masa ruwan da ya taso sama, garau kamar na rijiya. Sai ya tace, ya haɗa da man gyaɗa rabi da rabi a kwalba, ya girgiza har ya koma kamar madara. Da shi yake shafa wa wanda ya ƙone. Na ga ya shafa wa mai hura tukunyar tururi da ruwan zafi ya zubo wa a ƙafa, mutumin yana ihu ya yi shiru. Mai ƙwannafi kuma ya ɗiga masa cokali ɗaya a kofin ruwa. Na ji likitocin yanzu sun daina wannan, don haka kada wani ya je ya gwada ya ce Ado ne ya faɗa.

Wata rana na kai masa ruwan, ya zuba kaɗan a kofin gilashi, ya ba ni ɗan bututu ya ce in hura a ciki. Ina hurawa ruwan nan garau ya fara yin fari. Na ja da baya, na ce a'uzubillahi. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba sihiri ba ne. Wai asalin laim dutse ne, a gasa shi a wuta mai tsanani har wata iska da ke cikinsa ta fice, ya fito da ƙishirwa. In ya sami ruwa sai ya amayar da zafi, shi ne tafasar da nake gani. Daga nan kuma sai ya yi ta neman iskar da aka raba shi da ita, kuma ita ce muke fitarwa in mun yi numfashi. In ya same ta ya koma dutse. Ya ce ɓawon nan siriri da nake tararwa a kan rami kowace safiya, shi ne yana komawa gida. Sannan ya ƙwanƙwasa mini ƙwauri da ɗan yatsa ya ce, "Abin da ke cikin dutsen nan, shi ne a ɓawon ƙwai, shi ne a allin makaranta, shi ne a ƙashinka."

Kai, wannan magana ta shige ni. Ba teburin mai shayin da ban zauna na faɗe ta ba tsakanin Bompai da Hotoro. Laim da ƙashi dangi ne, in ji Dokta. Ni da ban yi boko ba, ga ni ina koya wa mutane abin da ke cikin jikinsu. Rabin magana na riƙe, ban san rabi ba ce.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Garba Dogo. In fata ta fito daga ramina, wurinsa take zuwa. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kumbotso, ya girme ni da kamar shekara goma, Yaya Garba nake ce masa. Aikinsa kankara: a shimfiɗa fata a kan gungume mai gangare, ya sa wuƙa ya kwashe gashi, ya juya ya kwashe sauran nama da kitse. Wuƙar doguwa ce mai lanƙwasa, ƙota biyu gare ta, ɗaya kowane gefe, da hannu biyu ake tura ta. In ka danna da yawa ka huda fata, in ka sassauta ka bar nama. Garba bai taɓa huda fata na gani ba. Yana aiki yana tsokanata, wai Ado yau kuma ɗanya ka kawo mini, ko ka manta ka sa mata gishiri. Wuƙar tasa ce, wani maƙeri ya ƙera masa daidai faɗin kafaɗarsa, ba ya ba kowa aro. 'Ya'ya shida gare shi da tsohuwa, kuma gonar gidansu ta yi wa 'yan'uwansa kaɗan balle shi.

Sai shekarar da gari ya rikice 'yan kudu suka tafi gida. Ba zan ba ku labarin abin da aka yi a gari ba, ba shi ya zaunar da mu ba, kuma ba na son tunawa. Abin da ya shafi aikinmu shi ne mun wayi gari rabin masu gyaran inji ba su, Dokta ma ba shi, ɗakin maganinsa a kulle. Malam Barau kuwa ya rasu tun daminar da ta wuce, ni ne babba a rami. Jirgin ƙasa yau ya zo gobe bai zo ba. Fatun da aka gama suka taru a sito har rufi ba hanyar fitar da su. Kowa ya san za a rage mutane, abin da ba a sani ba shi ne wa da wa.

Ranar wata Alhamis Garba ya zo bakin ramina ɗaukar fatu da kansa, don mai kai masa an riga an sallame shi. Daɓen wurin kullum a jiƙe yake, santsi kamar kuɓewa. Ya rungumo fatu, ƙafa ta kwashe, ya kai hannun dama zai tokare. Ina tsallaken rami na ji ƙarar. Tsakanin wuyan hannu da gwiwa ya karye. Muka kai shi wurin wani maɗori a Hotoro, tsoho mai suna a harkar. Ya ja hannun ya daidaita ƙashi, Garba ko uhm bai ce ba, gumi kawai yake. Ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi, ya ce kwana arba'in kada ya ɗauki ko buta, kada kuma ruwa ya taɓa. Da mun tsaya a nan, da yau ba ni da labarin ba ku.

Washegari Juma'a helma, wato shugaban leburori, ya tara mu ya ce ranar Litinin Bature zai zagaya. Wanda ya tarar a bakin aikinsa shi ne ma'aikaci, wanda bai tarar ba ya huta. Ba ruwansa da dalili.

Bayan an sauko daga masallaci muka je duba Garba, ni da Sale direban motar kamfani. Garba na zaune ya zuba wa hannun ido. Ya ce ko da hannu ɗaya zai tsaya ranar Litinin, amma karan nan ba zai jure tura wuƙa ba, kuma wurin duk ruwa ne. Sale ya ce ai shi da ya karye a ƙafa a hanyar Zariya, ɗorin asibiti aka yi masa.

Ya ce, "Wani gari ne fari. Suka kwaɓa da ruwa, suka tsoma ƙyalle, suka naɗe ƙafar. Ya yi ɗumi, kafin ka ce me ya daskare kamar dutse. Da shi na dinga takawa."

Na ce to a tafi asibiti mana.

Garba ya girgiza kai. "Kawuna da ƙafa biyu ya shiga asibiti, da ɗaya ya fito. Kuma yanzu wa ya rage a can? Sai in kwana uku a layi Litinin ta wuce."

Sai na ga su biyun ni suke kallo. Sale ya ce, "Ado, farin gari, a sa ruwa ya yi zafi, ya koma dutse. Ba naka ba ne wannan? Ba kai kake cewa da ƙashi dangi ne ba?"

Ku saurara, don nan ne wurin. Ba wanda ya fi ni sanin abin da laim ke yi wa fata a duk Bompai. Shekara goma ina kallo kullum. Amma na ce a raina kasasshe zan sa, wanda ya daɗe da hucewa, kuma ga ƙyalle a tsakani, kuma ai Dokta da shi yake magani. In faɗa muku gaskiya, har da daɗin da na ji an dube ni a matsayin masani. Malam Barau kan tambaya me za a yi da shi. Ni ba sai na tambaya ba, na sani sarai, kuma na ce to.

Ranar Asabar rabin yini ake yi. Da aka tashi da rana tsaka muka zaunar da Garba a bayan sito, ƙarƙashin darbejiya. Sale ya sayo farin yadin akoko muka yayyaga. Na ɗebo kasasshen laim mai kauri a bokiti, muka dinga tsomawa muna naɗewa a kan karan, tun daga tafin hannu har gwiwa. Muka jira. Abu ya ƙi daskarewa, sanyi ƙalau, sai ɗiga yake.

Sale ya taɓa ya ce, "A'a. Na asibiti ɗumi yake yi. Wannan ya mutu da yawa, Ado. Ba ka da mai ƙarfi?"

Na tashi na shiga sito. A bakin ƙofar akwai guntun fatar akuya a yashe da gashinta, irin wanda Malam Barau ya ba ni a satina na farko. Na gan shi, na tsallake. Na ɗauko dunƙulen mai rai na daka shi da guduma ya yi laushi, na kawo. Muka kwance, na barbaɗa a tsakanin ƙyallen da hannuna, muka sake naɗewa, muka ɗaure tamau.

Nan da nan ya ɗau zafi. Na ga jijiyar wuyan Garba ta miƙe, gumi na bin gemunsa.

Na ce, "Yaya Garba, yaya dai?"

Ya ce, "Da ɗan zafi."

Sale ya ce, "Yauwa! Haka yake. Ni ma haka na ji. Ka daure, aiki yake yi."

Kun ga, da wani ne da ya yi ihu mun kwance. Amma Garba ne, mutumin da aka ja masa karyayyen ƙashi bai ce uhm ba, kuma a wurinmu namiji ba ya kuka a gaban ɗori. Ya cije. Rana ta busar da bayan ƙyallen ya yi ɓawo, Sale ya ƙwanƙwasa muka ji ƙwas-ƙwas. Har dariya muka yi. Muka shafa fatiha, na ɗora shi a bayan keke na kai shi gida.

Ranar Litinin ina zuwa na hango shi a bakin gungumensa, wuƙa a hannu. Da hagu yake turawa, hannun daman ya ɗora shi kawai a kan ƙota. Bature ya zo wucewa da helma, ya dubi farin ɗorin, ya gyaɗa kai, ya wuce. Garba ya tsira da aikinsa. Na ƙarasa ina fara'a na ce yaya hannu.

Ya ce, "Shekaranjiya da jiya na sha wuya, Ado, ba na ɓoye maka ba. Amma yau alhamdu lillahi, ko kaɗan ba na jin zafi. Kamar ba nawa ba."

Yana faɗa yana murmushi. Ni kuwa hancina ya riga ya gaya mini. Duk masana'antar wari take, amma kowane wari da sunansa a wurin mai rami, kuma wannan na fata ne a kwana na uku. Na dubi yatsunsa da suka leƙo, sun kumbura sun yi toka-toka. Wani ruwa na ɗiga daga gwiwar. Na ɗauko bokitin ruwa da 'yar wuƙata na ce ya miƙo.

Ya ce, "Bari mana, Bature bai fita ba."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na daka masa tsawa har mutane suka waiwayo. Na yanka ƙyallen ina kwarara ruwa, karan suka zube.

Ba sai na zana muku ba, kun san fatar da ta fito daga rami. Fari, a kumbure, tana santsi, ko gashi ɗaya babu. A wasu wuraren ya wuce fata. Abin da ba na mantawa shi ne babban yatsana ya kai kansa, yadda ya saba shekara goma, ya danna. Gurbin ya tsaya. Garba yana kallon yatsan nawa, ya san ma'anar dannawar kamar yadda na sani.

Sale ya tuƙa mu asibiti yana kuka kamar mace mai takaba, har ya kusa hawa kan mai amalanke. Likitan da ya duba ya ɗago ya tambaya wa ya sa wannan abu. Ina tsaye a gefen gado. Garba ya ce, "Ni na sa da kaina." Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma har gobe ina jin kunyar shirun nan.

Da aka shiga da shi aka ce mu jira a baranda. Ƙofar wani ɗaki a buɗe take, na hango wani ma'aikaci yana yi wa wata mata ɗori a ƙafa. Farin gari a kwano, ya zuba ruwa, yana kwaɓawa da hannunsa tsirara. Na matsa na gaishe shi, na ce don Allah mene ne wannan. Ya ce shi ma daga dutse ake gasa shi, kuma abin da ke cikin ƙashi yana cikinsa, amma wani dutsen ne daban. Shi in ya sha ruwa riƙewa yake ya daskare, ba ya cin jiki. Duk da haka sai sun shimfiɗa auduga a ƙasa tukuna. Na ce in taɓa? Ya ce taɓa. Na tsoma yatsan nan mai ramuka, wanda ko ruwan rami ya ɗiga masa sai na yi tsalle. Ɗan ɗumi kawai na ji. Na tsaya a wurin har ya bushe a yatsana. Wato da Dokta yana nan, tambaya ɗaya ce, amsa ɗaya.

A saman gwiwa suka yanke hannun.

Sale bai ƙara wata biyu ba ya bar aikin ya koma Gusau, ba mu taɓa tayar da maganar ni da shi ba. Ni na zauna a rami, don ba abin da na iya sai shi. Na ƙara shekara ashirin da wani abu, har aka buɗe kamfanoni a Sharada da Challawa aka kawo gangunan da kuke taƙama da su. Ganga ta rage wahala, ban musa ba. Amma abin da kuke juyewa a ciki shi ne dai wanda na barbaɗa, bai canza hali don an sa shi a buhu mai rubutu ba. Kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara karɓar ko cokali ɗaya a hannuna don a sa wa mutum, ko ruwan nan garau irin na Dokta ne, ko wa ya aiko shi.

Wuƙar Garba kuwa tana nan rataye a bakin gungumensa, a naɗe da buhu. An sa wani a wurin, amma da wuƙar kamfani yake aiki, ba wanda ya yarda ya taɓa ta. Bayan kamar wata uku, wata safiya ina juya rami na ga mutum tsaye a tsallake. Ya rame, hannun rigarsa na dama an naɗe an cusa a aljihu. Ya zo kwashe kayansa ne, zai koma ƙauye. Wata ukun nan kullum ina shirya abin da zan ce masa, na shirya ya fi sau ɗari. Na ajiye muciya na zagayo, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya Garba," sai maganar ta tsaya a nan.

Ya ce, "Tashi, daɓen nan a jiƙe yake."

Na tashi. Ya zaro wuƙar daga hammatarsa, ya dube ta kaɗan.

Ya ce, "Riƙe wannan. Hannu biyu take so."

Ya miƙo. Sai kuma ya ɗan tsaya, kamar wanda ya tuna ya yi rashin ladabi, ya ce, "Ka yi haƙuri, Ado, da hagu na ba ka."

Na sa hannu biyu na karɓa.